Ɗan da Na Haifa wa Adda

Zainab, ke da ƙannenki nake rubuta wa wannan babin, domin na gaji da jin labarin nan a karkace. Ranar sadakar bakwai ta yayata Adda Binta, Allah ya ji ƙanta, ina cikin ɗaki na ji wata 'yar zaman makoki tana faɗa wa ta kusa da ita wai ni na raba Adda da ɗanta. Wai kishi ne ya sa na tura Yayanku Amurka, shi ya sa baiwar Allah ta cika ba ya kusa, sai kabari ya zo ya tarar. Ban fito na tanka mata ba saboda gidan rasuwa ne. Amma na lura kuna wajen, ku uku, ba wanda ya musa mata. To, ku ji daga bakina. Kishi kam na yi shi, na yi shi har ya ishe ni, ba kuma zan ɓoye muku ba. Sai dai ba yadda ake faɗa ba ne.

Ku yaran yanzu ɗan fari da na tsakiya duk ɗaya ne a wurinku. Ina ganinki kina rungume naki a gaban surukarki, kina kiran sunansa gatsal kamar sunan ɗan maƙwabta, har da ɗaukar hoto. Ban ce kin yi laifi ba, kallo dai nake yi. Mu ba haka aka tashe mu ba. Kakanninmu daga rugar wajen Guri suka shigo Haɗeja, sun bar shanu a hannun dangi amma kunya da ita suka shigo gari. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a shiga maganarsa. Ko faɗuwa ya yi a gabanki, sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Ga shi kuma Adda ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da aka yaye Yayanku ta zo da sabon zane ta goya shi, ya kwantar da kai a bayanta kamar dama can nan ne wurinsa, suka fita. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ɗin ma, to zan ce. Na shiga bayan ɗaki da rigata jiƙe da nono, na yi abin da zan yi, na wanke fuska na fito na ɗora tukunya. Har yau ɗin nan ban taɓa furta sunansa ba, kuma ko a takardar nan ba za ku gan shi ba.

Layi biyu ne tsakanin gidan Adda da namu, don haka a idona ya girma. Ita yake kira Inna. Ni kuwa da ya fara wayo ya ji kuna ce mini Umma, sai ya raɗa mini nasa: Umman su Zainab. Kowa dariya ya yi ranar da ya fara faɗa, har da ni, amma abin ya kwana a raina. Abu ɗaya ne kawai nawa da shi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Idan ya shigo wasa da ku, nakan ɗebi ƙanzo ko kan kifi in sa a ƙaramin kwano in tura bayan randa, sannan in ƙwanƙwasa bakin tukunya da ludayi sau biyu. Ba ni na koya masa ba. Shi dai ya gane cewa wannan ƙarar tasa ce. Sai ya bar wasa ya zagaya bayan randa ya cinye, ya goge baki ya koma, ni ina tsugune ina hura wuta kamar ban san an yi ba.

Ƙwallo kuwa tun tana tsumma a ɗaure da igiya ya fara ta. Ya tashi dogo, ƙafafu sirara kamar na tsuntsun bakin ruwa, shi ya sa yaran unguwa suka sa masa Zalɓe. Wannan sunan na ji daɗinsa, domin shi ina iya faɗa. A filin bayan makarantar firamare suke bugawa kullum bayan la'asar. Kun san sana'ata turara shinkafa ce, kuma tun da na fara a tsakar gida nake shanya. A bakin filin nan akwai daɓen siminti na wani tsohon sito da ya rushe. Rana ɗaya na ɗaura buhu na ɗora wa mai baro, na ce daga yau can zan riƙa shanya. Babanku ya dube ni, ya dubi tsakar gidan da rana ta ƙwalle a cikinsa.

"Dije, ranar gidan nan ce ta ƙare?"

"Kaji sun dame ni, Malam."

"Can babu awaki ke nan?"

Na bi bayan mai baro na fita. Allah ya ji ƙan Malam, ina jin ya gane, amma shi ma ɗan farinsa ne, bakinsa a ɗaure yake kamar nawa.

Shekaru na yi a kan daɓen nan. Ina juya shinkafa da sanda, bayana ga fili, ina korar awakin da ba su zo ba. Da kunne na koyi ƙwallo. Idan fili ya yi tsit sannan aka fara ihu daga ɓangaren hagu, na san ta zo ƙafarsa. Idan na ji kamar an ja numfashi gaba ɗaya, ya yanke mutum biyu ke nan. Sai in sunkuya kamar zan tsince tsakuwa, in leƙa ta ƙarƙashin hannuna. Ita kuwa Adda da 'yar kujerarta take zuwa ta dasa a gaba, ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu. Ba ta san komai a ƙwallo ba, wallahi. An taɓa cin su Yayanku ta rangaɗa guɗa, sai da yara suka ce mata ba mu muka ci ba, Inna. Amma idan shi ya ci, ita mata suke rugawa su rungume, ana Binta ɗanki, Binta ɗanki. Fili gaba ɗaya ya ɗauki sunansa, sunan nan na gaskiya da aka raɗa masa a kan cinyata. Mai sayar da rake ya faɗa, mai facin keke ya faɗa, yaron da bai iya tsarki ba ma ya buɗe baki ya faɗa. Duk Haɗeja ni kaɗai ce ba ni da izini. Na yi kishin Adda, na yi kishin mai rake, na yi kishin filin kansa.

Sannan ga Malam Bitrus, malamin wasanni na sakandaren su Yayanku, mutumin Filato. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, amma shi ma bai tsira daga zuciyata ba. Shi ya fara saya masa takalmin ƙwallo. Shi yake dafa kafaɗarsa ya ja shi gefe suna magana ƙasa-ƙasa, yaron yana gyaɗa kai kamar yana gaban ubansa. Shi ya kai shi gasar makarantu, ya kai shi Kano gwaji, ya riƙa ɗaukar wasansa a waya yana tura wa wani tsohon ɗalibinsa da ke Amurka. Wancan ya nuna wa mai horar da 'yan wasa na wata jami'a a can. Aka ce ya zauna jarrabawar Turanci, ta farko ta kayar da shi, ta biyu ya haye. Duk wannan a bakinki nake ji, Zainab, idan kina ba ƙannenki labari ina tankaɗe a gefe. Kin sha cewa Umma ba ta ma sauraro. Ba kalmar da ta wuce ni.

Shekarar da maganar ta nuna ita ce shekarar da ruwa ya ci gonar Babanku ta fadama, shinkafa ta fitar da kai ke nan kogi ya hau ta. A shekarar ne kuma mijin Adda ya rasu, ta fita takaba ba ta da kowa a gidan sai yaron nan. Malam Bitrus ya yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi, ina jin su daga bayan zana. Ya ce jami'ar ta amince, za su ba shi karatu da wurin kwana da abinci, shi kuma ya buga musu ƙwallo. Ya ce abin da ya rage shi ne yardar iyaye. Na tsaya da taɓarya a hannu, domin a karo na farko wani ya kawo maganar yaron nan ƙofar da ya kamata.

"Malam Bitrus, mun gode," in ji Babanku. "Amma ka yi ɓatan kai. Ba nan ne gidansu ba. Ka je wurin uwarsa, abin da ta ce shi ne."

Na ajiye taɓaryar a hankali don kada su ji. Ranar tuwon da na tuƙa ko kare ba zai yaba ba.

Adda ta ce a'a. Ta ce ba ta raini ɗa don ta miƙa wa mutanen da ba su san alƙibla ba. Ta ce idan ya tafi wa zai ɗebo mata ruwa, wa zai rufe mata ƙofa, wa zai ɗauki gawarta. Ban ga laifinta ba a wannan, duk wadda ta zauna a gida ita kaɗai ta san abin da take nufi. Yayanku bai yi mata musu ba ko da kalma ɗaya, domin tarbiyyar Adda ba ta da wasa, wannan kam na ba ta. Ya rataye takalminsa a ƙusa, ya bi Babanku noman rani, yana jan injin ban ruwa daga wannan gona zuwa waccan. Fili ya koma na wasu yara. Ni kuwa na ci gaba da kai shanyata, don idan na daina a lokacin kowa zai gane dalilin zuwana tun farko.

Wata la'asar ina kan daɓen na ga inuwa ta faɗo a kan shinkafar. Ban ɗaga kai ba, ƙafafun sun ishe ni shaida, duk taɓon fadama ya bushe a jikinsu. Ya tsuguna can nesa kaɗan, ya ɗebi shinkafa a tafin hannu yana murzawa. Da ita ya yi magana, ba da ni ba.

"Umman su Zainab, barka da aiki."

"Yauwa."

"Inna ta ce a'a."

"Na ji ana faɗa."

"Na haƙura. Malam Bitrus ya ce zai kira Baffa daga Guri ya roƙe ta, amma na san ba za ta sauya ba." Ya zubar da shinkafar hannunsa a inda ya ɗebo. "Dama zuwa na yi in ce ki daina wahalar kawo shanya har nan. Ba zan ƙara bugawa ba."

Ya tashi ya tafi. Ni kuwa na ajiye sandar na zauna. Ashe ya sani. Duk shekarun nan da nake juya wa fili baya ina ganin na yi dabara, yaron ya san wa nake gadi. Kuma bai zo roƙona ba, bai ce in sa baki ba, domin ya san ba ni da baki. Tausayin ƙafafuna ne ya kawo shi. Awaki suka zo da gaske ranar, suka ci son ransu, ina zaune ina kallon su.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba da ya rage mana. Ya zo aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gidan Adda. Ga Babanku, ga Malam Bitrus a gefe ya naɗe ƙafa, ga mata biyu na dangi, ga Yayanku a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ni fura aka kira ni in dama, ba shawara ba. Malam Bitrus ya yi bayani da kyau. Har ya ce wa Baffa ai tsuntsayen nan da suke cika fadamar garin Baturiya lokacin sanyi daga wata duniya suke zuwa, kuma suna komawa gida, shi ma yaron zai dawo. Baffa ya ce shi bai taɓa kiwon tsuntsu ba. Ya juya ga Adda, Adda ta fashe da kuka ta maimaita abin da ta faɗa. Baffa ya shafa gemu ya ce to, uwa ta yi magana, an rufe wannan zance, a yi fatiha. Hannaye sun fara ɗaguwa ke nan na ji murya ta fito, sai daga baya na gane tawa ce.

"Baffa, ba a rufe ba."

Kowa ya juyo. Babanku ya zaro ido ya ce, "Dije!"

"A bar shi ya tafi."

"Ke kuma a wa?" in ji Baffa. "Yaushe kika fara shiga maganar yaron nan?"

"Yau. Adda, idan kika hana shi zai zauna, ni na sani, ke ma kin sani. Zai ɗebo miki ruwa, zai rufe miki ƙofa. Amma kin dubi fuskarsa tun da ya rataye takalmin nan? Haka za ki riƙa ganinta har ki tsufa, shi kuma duk sanda ya dube ki zai tuna. Ba na so ya tsane ki a ɓoye."

Adda ta share hawaye ta dube ni sama da ƙasa.

"Me kika sani a kansa? Kin taɓa kwana a zaune yana zazzaɓi? Kin taɓa wanke masa kashi?"

Da ta tsaya a nan da na yi shiru. Amma ta ƙara da cewa ba ruwana da ɗanta. A nan ne abin da na haɗiye tun ranar yaye ya taso mini, na ajiye ludayin furar na faɗi maganar da mace irina ba ta faɗa.

"Ni na haife shi, Adda."

Matan dangi suka rufe baki da mayafi. Malam Bitrus ya rasa inda zai sa idonsa. Baffa ya ce innalillahi, ya ce yau ya ga abin da uwarmu ba ta gani ba, Allah ya rufa mata asiri ta riga mu. Adda kuwa ta daina kuka ɗif. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, muryarta a sanyaye.

"To, mai ɗa ta yi magana. Ni ashe 'yar riƙo ce. Malam Bitrus, ka kai shi duk inda za ka kai shi."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Haka aka sami yardar da ake nema, ba da fatiha ba.

Yanzu ga wurin da masu zaman makoki suke kamawa. Suna cewa na ga ni ban samu ba, na ce to kada kowa ya samu. Zan faɗa muku iyakar gaskiyata. A hanyar komawa gida ranar, akwai wani lungu a zuciyata da ya ce, yanzu Adda za ta ɗanɗana abin da kika daɗe kina sha, ta ji sunansa a bakin wasu ita tana nesa. Lungun nan ya yi magana, na kuma ji shi. Amma ba shi ya buɗe mini baki a gaban Baffa ba. Yaron da ya tsuguna a bakin shinkafata ne ya buɗe shi. Da kishi ne yake ja na, ai sai in bar shi a Haɗeja inda nake ganinsa kullum ko da ta ƙarƙashin hannu ne. Ni ma fa rasa shi na yi, kuma ni ba a zo mini jaje ba.

Abin ya ci mini da yawa. Babanku ya daɗe ba ya haɗa ido da ni. A gidan suna da gidan biki idan na shiga sai a rage murya, na zama Dije mai cewa ni na haife shi. Baffa har ya rasu bai ƙara cin abincin hannuna ba. Adda ta ɗauke ƙafa daga gidanmu, idan na je gaishe ta sai ta amsa daga cikin ɗaki. Ranar tafiya rabin unguwa suka raka shi tasha, Adda tana gaba tana kuka ana riƙe ta. Ni ban je ba. Na karya kunya sau ɗaya, ba ni da ƙarfin karya ta sau biyu. Da ya shigo sallama ya tsuguna a ƙofar ɗakina, bango na kalla na ce Allah ya kiyaye hanya. Kin ce mini ranar, Umma ke ko a jikinki. Har yau ban manta ba.

Da ya isa, wayar Adda yake kira, kuma daidai ne, ita ce uwarsa. Ke kike zuwa ki riƙe mata wayar, ki dawo ki zazzage wa ƙannenki labari. Wai sanyi ya sa ya kasa jin yatsunsa a wasan farko. Wai ciyawar filinsu kamar darduma. Wai ya nemi tuwo ya rasa, ya koma cin shinkafa ba mai ba yaji. Wai an fara sa shi daga benci, yanzu da shi ake farawa. Ina jin ku ina tankaɗe, ina kishin wata 'yar waya mai fasasshen gilashi. Sallah ƙarama ta wuce Adda ba ta tako gidana ba, babba ma haka.

Sai wata la'asar bayan kaka, ina tsince shinkafa a cikin babban kwanon sha, na ji an banko ƙofa ana sallama a tsaye. Adda ce, mayafi a karkace, waya a hannu, tana huci kamar ta yi tsere.

"Dije, zo ki ga abin da kika jawo mana."

Na ce a raina ko karaya yaron ya yi. Ta zauna daɓas a tabarmata, abin da ta kusa shekara ba ta yi ba, ta tura mini wayar a fuska. Hoto ne mai motsi. Ga shi nan cikin riga mai lamba, ya ƙara tsawo, ya yi wuya. Ya karɓi ƙwallo daga hagu, ya yanke mutum biyu, ni na san abin da zai biyo baya tun kafin ya ɗaga ƙafa. Karo na farko ke nan da na kalli wasansa gaba da gaba, ba a sunkuye ba. Da aka tashi sai ga wata Baturiya, gajeriya mai furfura, ta rugo cikin fili ta rungume shi. Ta kamo kansa ta sumbace shi a goshi, tana kiran sunansa a karkace, tana share masa gumi da hannunta.

"Wace ce wannan?" na ce.

"Wai a gidanta yake cin abinci ranar hutu. Wai su suke riƙe ɗaliban da suka zo daga nesa. Zainab ta ce har ɗaki ta ware masa." Adda ta ƙwace wayar ta sake kunnawa. "Dube ta, don Allah. Ko kunyar furfurarta ba ta ji. Ta san wahalarsa ne? Ta san sanda ya yi ƙyanda?"

"Ji yadda take jagwalgwala masa suna."

"Ke dai bari. Kuma dubi yadda ya tsaya mata kamar rago."

Muka kalla har sau nawa ban sani ba, kai da kai, muna tsinka baiwar Allahn nan da ba ta yi mana komai ba sai alheri. Tun muna 'yan mata rabon da bakinmu ya zo ɗaya haka. Muna cikin haka wayar ta yi ƙara, shi ne. Adda ta amsa, fuskarsa ta cika gilashin, can wajensu safiya ce. Ta wanke shi tas a kan Baturiyar, yana dariya yana ba ta haƙuri. Sannan ta dube ni ta gefen ido, ta miƙo mini wayar.

"Ungo. Tun da kin iya faɗin kin haife shi a gaban Baffa, kira sunansa. Ba kowa a gidan nan sai ni."

Na karɓa. Ga shi yana kallona, ni ma ina kallonsa, ba bango, ba shinkafa a tsakaninmu. Na buɗe baki. Wallahi na yi niyya, sunan ya taso har kan harshena, ya tsaya. Na sake gwadawa, ya ƙi. Abin da aka ɗaure tun kafin a yaye shi ba ya kwancewa don an ce kwance. Hawaye suka cika mini ido, na sunkuyar da kai, sai na ga kwanon shinkafar a gabana. Ban yi tunani ba. Na ƙwanƙwasa bakinsa da zoben hannuna sau biyu.

"Na'am, Umma," in ji shi daga can ƙarshen duniya.

Adda ta dube ni, ta dubi kwanon, ta dubi wayar.

"Mene ne wannan kuma?"

"Kiran ƙanzo ne, Inna," in ji shi, yana dariya yana goge ido. "Tun ina ƙarami. A bayan randa take ajiye mini."

Adda ta riƙe haɓa. Na ga fuskarta ta sauya, kuma na gane sauyin sarai, domin fuskar da na daɗe ina ɓoyewa a bakin fili ce.

"Au, dama kuna da naku kiran? Ina nan ina ta guɗa a rana, ashe ku kuna da naku a bayan randa, ban sani ba?"

Ba ta ƙara ɗauke ƙafa daga gidana ba har Allah ya karɓi abinsa, amma maganar kwanon nan ba ta taɓa yafe mini ita ba, ko a asibiti sai da ta tayar da ita. A duk rayuwata ranar ce kaɗai Adda ta yi kishina. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta, amma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi.